Zarton da Ke Gane Yatsa

In mun tashi sauya injin zarto na tebur, abin da muke fara tambaya shi ne ƙarfin moto da miƙewar yanka. Tambayar ta gado ce.

Faifan zarto mai juyawa ya daɗe. Tun 1777 wani mutumin Southampton ta Ingila, Samuel Miller, ya ambace shi a takardar mallakar injin da ya ƙirƙira. A manyan wuraren fasa itace ya fara zama, sai daga baya ya shigo ƙananan shaguna da gidaje. A ƙarshen shekarun 1930 kamfanin Delta na Amurka ya fito da Unisaw, mai teburin ƙarfe da moto a rufe cikin akwati. Daga nan, in mai aikin katako a gida ya ce ya ci gaba, nufinsa ya rabu da ƙaramin inji mai rawa ya sayi mai nauyi.

Yatsu kuwa ba su shiga lissafi ba. Hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka ta ƙiyasta cewa wannan inji na kai mutum sama da 30,000 asibiti duk shekara, kusan 4,000 daga ciki da guntulewar yatsa.

A 1999 Steve Gass, lauya mai ilimin kimiyyar fiziks da ke aikin katako don sha'awa, ya yi dabara. Ya saka wa faifan 'yar wutar lantarki. Jikin mutum na ɗaukar wuta, busasshen katako ba ya ɗauka. Da fata ta taɓa haƙori, sai birkin alminiyam ya cafke faifan ya nutsar da shi ƙasan tebur, cikin ƙasa da kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙa. Da tsiran nama yake gwada wa mutane, ya fito da ɗan ƙwarzane kawai.

Ya kai wa manyan kamfanoni, ba wanda ya saka shi a injinsa. Sun ce tsada. A ganinmu har da tsoro: in an yarda ana iya tsare yatsa, me za a ce wa kotu game da injinan da aka riga aka sayar? Gass da abokansa suka fara sayar da nasu, SawStop, a 2004. A 2010 wata kotu a Boston ta ba wani ma'aikaci da zarton Ryobi ya yi wa illa diyyar dala miliyan 1.5.

Shi ma Gass ba waliyyi ba ne. Da Bosch ya fito da nasa salon, SawStop ya kai ƙara, aka hana shigo da shi Amurka a 2017.

Birkin na da tsadarsa. In ya kama sau ɗaya sai an sayi sabo, galibi har da faifan. Jiƙaƙƙen katako kan ruɗe shi, shi ya sa aka yi masa makashi. Kuma ba ya hana katako ƙwacewa ya doki mai yanka. Wannan aikin siririn ƙarfen da ke bayan faifai ne, wanda ke hana tsagar matsewa.