Aboki da Kwamared: Tarihin Kalmomin Abota a Ingilishi da Harshen Cek

Duk wanda ya zauna nazarin kalmomin abota na Ingilishi tare da takwarorinsu na harshen Cek, wato harshen mutanen Jamhuriyar Cek da ke tsakiyar Turai, zai ci karo da wani abu mai ɗaure kai. Kalmar Ingilishi comrade da kalmar Cek kamarád uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, ko a kunne ma kamanninsu bai ɓuya ba. Duk da haka ƙamus ba ya jera su wuri guda. A gaban kamarád yakan kawo friend ko pal, a gaban comrade kuwa, idan ma'anarta ta siyasa ake nufi, sai ya kawo wata kalma dabam, soudruh. Baƙon da ya kira wani dattijo na birnin Prague da soudruh a yau, ko da girmamawa yake nufi, ya fama masa tsohon miki. Dalilin haka yana cikin tarihin ƙasashen biyu, domin kalmomin abota sukan ɗauki tabon abin da al'umma ta gani.

Saiwa ɗaya

Manyan kalmomin biyu, friend da přítel, daga tushe ɗaya suka fito. A tsohon Ingilishi, shekara dubu da suka wuce, ana cewa frēond, ma'anarta kuwa "mai so", domin an gina ta ne daga aikatau mai nufin ƙauna. Kishiyarta ita ce fēond, "mai ƙi", wadda ta zama fiend a yau, wato shaiɗani ko mugu. Ita ma přítel tana da dangantaka da aikatau přát, yi wa mutum fatan alheri. Masana tarihin harsuna sun mayar da su duka biyun ga saiwa guda ta tsohon harshen da Ingilishi da Cek da Farisanci da harsunan arewacin Indiya suka tsiro daga gare shi, saiwar da ta ba harshen Sanskrit kalmar priya, abin ƙauna.

Daga wannan saiwa ce kuma Ingilishi ya sami free, 'yantacce. Bayanin da masana suka fi karɓa shi ne, a gidajen mutanen dā "waɗanda ake ƙauna" su ne 'ya'yan gida da dangi, saɓanin bayi. Ke nan tun fil azal abota da 'yanci tagwaye ne a waɗannan harsuna: aboki shi ne wanda aka zaɓa ba bisa tilas ba.

Wajen sunan maƙiyi ma akwai kamanceceniya. Harshen Cek ya ɗora wa přítel ɗafa-goshin korewa ya sami nepřítel, "wanda ba aboki ba". Ingilishi ya aro enemy ta hanyar Faransanci daga Latin inimicus, wadda ita ma gininta ke nan: korewa da amicus, aboki.

Ingilishi: kowane baƙo ya bar kalmarsa

Tarihin Ingila tarihi ne na masu shigowa, kuma kusan kowane ayari ya bar tasa kalmar abota. Mayaƙan teku na Arewacin Turai, waɗanda suka mamaye gabashin Ingila daga ƙarni na 9, sun bar félagi, wanda ya haɗa dukiyarsa da ta wani don kasuwanci ko tafiya. Ita ce ta zama fellow. Bayan Normandawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada, ta nan companion ta shigo. Asalinta Latin ne, com, tare, da panis, burodi: wanda ake cin abinci tare da shi. A ƙarni na 14 mate ta zo daga Jamusancin arewa, harshen fatake da matuƙan jiragen ruwa, ita ma da ma'anar abokin cin abinci. A ƙarshen ƙarni na 16 comrade ta iso ta Faransanci daga Sifaniyanci camarada, sojojin da ke kwana ɗaki ɗaya, daga cámara, ɗaki. Wannan kalmar ɗaki ce dai ta zama sunan na'urar ɗaukar hoto, kyamara. Ita kuwa pal daga harshen Romani ta fito, harshen al'ummar maƙera masu yawo a Turai da asalinsu Indiya ne, kuma ma'anarta ɗan'uwa.

Idan aka jera su za a ga kowace ta ambaci abin da aka yi tarayya a kansa: dukiya, gurasa, akushi, ɗaki, jini. Friend kaɗai ce ta tsaya a kan soyayya zalla.

A daidai lokacin da Ingilishi ke tara kalmomi, ya yi asarar wani muhimmin abu. A dā yana da wakilan suna biyu na mutum na biyu: thou ga na kusa ko na ƙasa, you ga jama'a ko ga babba. A ƙarni na 17 thou ta riƙa ɓacewa daga maganar birane. Waɗanda suka riƙe ta da gangan su ne mabiya George Fox, waɗanda suka bayyana wajen 1650 suka kira kansu Friends, wato Abokai, duniya kuma ta san su da Quakers. Sun ƙi cire wa manya hula, sun ƙi ce wa alƙali ko basarake you, bisa hujjar cewa mutane daidai suke a gaban Ubangiji. Sun sha duka da ɗauri a kan haka. A ƙarshe you ta yi rinjaye, aka wayi gari Ingilishi yana kiran sarki da aboki da wakilin suna ɗaya.

Ƙasar Cek: ɗan'uwa da abokin bariki

Harshen Cek bai yi wannan asara ba. Har yau akwai ty ga na kusa da vy ga baƙo ko babba, kuma kowane yana da sunansa: tykání da vykání. Ƙaura daga vy zuwa ty mataki ne da ake sanarwa. Babba ne ke yi wa ƙarami tayi, ko mace ga namiji, galibi a gama da musafaha. Saboda haka a wannan harshe abota tana da ƙofa, kuma kowa ya san ranar da ya shige ta.

Kalmar da ƙungiyoyin ƙasar suka fara ɗauka don kiran juna ita ce bratr, ɗan'uwa, wadda ke da tushe ɗaya da brother. A 1457 aka kafa Jednota bratrská, Haɗin Kan 'Yan'uwa, ɗariƙar Kirista da ta tsiro daga gwagwarmayar mabiya Jan Hus. Daga cikinta ne aka sami Jan Amos Komenský, wanda Turai ta sani da Comenius, malamin da littattafansa na koyar da harsuna suka zagaye nahiyar, ya kuma ziyarci Landan a 1641.

Comenius ya ƙare rayuwarsa a gudun hijira saboda Yaƙin Shekara Talatin, wanda ya faro daga Prague a 1618 ya ƙare a 1648. Bayan an karya sojojin Bohemiya a fagen Farin Dutse a 1620, ƙasar ta dawo sosai hannun gidan sarautar Habsburg, Jamusanci kuma ya danne harshen Cek a fada da ofis da bariki. Ta Jamusanci Kamerad, kalmar sojoji, kamarád ta shiga bakin mutanen Cek. Ta wannan hanya kuma kumpán ta zo, 'yar'uwar companion, sai dai ita ta gangara ta koma nufin abokin shaye-shaye ko abokin ɓarna.

A ƙarni na 19 masu farfaɗo da harshen suka tashi haiƙan. Josef Jungmann ya kammala babban ƙamusunsa na Cek da Jamusanci mai juzu'i 5 a 1839, masu kishin harshe kuma suka riƙa korar kalmomin Jamusanci suna maye gurbinsu da na gida. Kamarád ta tsira, domin ta riga ta zauna a bakin yara da leburori. A 1862 Miroslav Tyrš da Jindřich Fügner suka kafa ƙungiyar motsa jiki ta Sokol, inda mambobi, attajiri da talaka, ke kiran juna ɗan'uwa suna amfani da ty. Bayan samun ƙasar Cekoslobakiya a 1918 kuma aka sami matasan da ke fita daji a ƙarshen mako suna kwaikwayon rayuwar yammacin Amurka da suka gani a littattafai da majigi. Su ma da kamarád suke kiran juna, kuma su da masu tuƙa kwale-kwale a koguna ne suka yaɗa gaisuwar ahoj, wadda aka aro daga kiran matuƙan jirgin ruwa na Ingilishi, ahoy. Haka ƙasar da ba ta da gaɓar teku ta wayi gari abokai a cikinta suna gaisawa da kiran ma'aikatan teku.

Lokacin da hukuma ta ƙwace kalma

Akwai wata tsohuwar kalma ta gida, druh, abokin tafiya. Daga gare ta aka sami družstvo, ƙungiyar haɗin gwiwa, da družba, zumunci, da soudruh, wanda ake tare da shi. Ƙungiyoyin ma'aikata na ƙarshen ƙarni na 19 suka ɗauki soudruh don kiran juna, kamar yadda takwarorinsu na Ingila suka ɗauki comrade a wannan zamani. Har zuwa nan tafiyar kalmomin biyu iri ɗaya ce. A Ingila, inda 'yan gurguzu ba su taɓa kafa mulkin jam'iyya ɗaya ba, comrade ta ci gaba da zama kalmar da mutum ke zaɓa wa kansa, kuma a wannan siga ce ta iso ƙungiyoyin ƙwadago da na ɗalibai a Nijeriya ta zama kwamared.

A Cekoslobakiya labarin ya sha bamban. A watan Fabrairu na 1948 jam'iyyar Kwaminis ƙarƙashin Klement Gottwald ta karɓe mulki baki ɗaya. Soudruh ta tashi daga kiran 'yan jam'iyya ta zama laƙabin hukuma a ofis da masana'anta da bariki. Pan da paní, wato malam da malama, aka ɗauke su a matsayin ragowar zamanin jari-hujja. 'Yan makaranta suka koma kiran malamarsu soudružko učitelko. Gonakin manoma aka tattara su cikin družstvo, sau da yawa bisa tilas. Ita kanta přátelství, abota, ta sami ofis: a 1948 aka kafa ƙungiyar abota tsakanin Cekoslobakiya da Tarayyar Sobiyet, kuma kowace shekara akwai Watan Abota, daga 7 ga Nuwamba zuwa 12 ga Disamba, ranar tunawa da yarjejeniyar abota da aka sa wa hannu a Mosko a 1943. Bututun man da ya fara kawo ɗanyen mai daga Tarayyar Sobiyet a 1962, shi ma Družba aka raɗa masa.

Abubuwa biyu suka nuna wa jama'a nauyin wannan abota. Na farko shi ne shari'ar Rudolf Slánský, babban sakataren jam'iyya kuma daɗaɗɗen abokin gwagwarmayar Gottwald. A 1952 aka gurfanar da shi tare da wasu mutum 13 bisa tuhumar cin amanar ƙasa da aka ƙirƙira, aka rataye 11 daga cikinsu, har da shi, a watan Disamba. Na biyu shi ne daren 20 wayewar 21 ga Agusta 1968, lokacin da tankokin Tarayyar Sobiyet da na ƙawayenta suka shigo don murƙushe sauye-sauyen da Alexander Dubček ya fara. Sunan da hukuma ta ba wannan mamaya shi ne bratrská pomoc, taimakon 'yan'uwantaka. A 1970 aka sake sa hannu a wata yarjejeniyar abota, a daidai lokacin da ake korar dubban ɗaruruwan mambobi daga jam'iyya, da yawansu kuma daga aiki. Sojojin da suka zo "taimako" ba su gama ficewa ba sai 1991.

Cikin waɗannan shekaru arba'in abota ta gaskiya ta koma ɗakin girki da bukkokin ƙarshen mako, inda mutum ke faɗin ra'ayinsa ga ƙalilan da ya amince da su, yana sane da cewa 'yan sandan ciki suna ɗaukar masu kai rahoto har daga cikin abokai. Kamarád, wadda hukuma ba ta taɓa sa wa hatimi ba, ta riƙe ɗuminta. Da juyin lumana na Nuwamba 1989 ya zo, soudruh ta faɗi daga bakin jama'a cikin ɗan lokaci, malama ta koma paní učitelko. Yau, ban da tsakanin 'yan jam'iyyar Kwaminis, ana jin soudruh ne a ba'a ko a zargi.

Abin da mai koyo zai riƙe

Wannan tarihi ne ya tsara matakan da ake gani a yau. Známý shi ne acquaintance, idon sani. Kamarád, mace kamarádka, shi ne abokin yau da kullum, daidai da mafi yawan wuraren da Ingilishi ke cewa friend, mate ko pal. Přítel ta fi nauyi, ta fi kusa da amini. Sai dai a maganar zamani můj přítel da moje přítelkyně sukan nufi saurayi da budurwa, wato boyfriend da girlfriend, don haka mai magana ke taka tsantsan. Best friend kan zama nejlepší kamarád. Karin maganar Ingilishi a friend in need is a friend indeed yana da takwara mafi gajarta, v nouzi poznáš přítele, a cikin ƙunci ake gane aboki, kuma a nan přítel ce aka zaɓa.

Ita kuwa friend ta ci gaba da faɗaɗa. Tun bayan kafa Facebook a 2004 ta zama sunan duk wanda aka danna wa maɓalli, har wani ƙamus na Oxford ya zaɓi unfriend, cire mutum daga jerin abokai, a matsayin kalmar shekarar 2009. Shafin na harshen Cek ya fassara jerin da přátelé, jam'in přítel, wato ya ɗora kalma mafi nauyi a kan alaƙa mafi sauƙi. A bakin mutanen Cek dai har yanzu ma'aunin yana nan inda yake tun dā: wanda ake ce wa vy, da wanda aka miƙa wa hannu aka ce daga yau a ce ty.