Kalmar "Sklep": Daga Maƙera zuwa Makabarta

A harshen Rashanci, kalmar "sklep" tana nufin ɗakin dutse da ake ginawa a ƙarƙashin coci ko a makabarta domin ajiye gawarwakin manyan mutane. Amma mutumin Rasha da ya sauka a birnin Warsaw zai tarar da ita a rubuce bisa ƙofar mai sayar da burodi, gama a harshen mutanen Poland ma'anarta kanti.

Asalin kalmar ba shi da dangantaka da mutuwa ko ciniki. Masana ilmin harsuna sun danganta ta da tsohuwar aikatau ta harsunan Silaf, watau "klepati", wadda ke nufin bugawa da guduma, kamar yadda maƙeri yake haɗa ƙarfe biyu. Da aka liƙa mata ɗafin da ke nuna haɗuwa, sai ta zama abin da aka haɗa gam. Daga nan magina suka ɗauke ta, suka raɗa wa rufin dutse mai lanƙwasa, irin wanda maginan Hausa ke kira bakan gizo, sa'an nan sunan rufin ya koma na ɗakin duka.

Sauran labarin na gobara ne. Biranen Turai na wancan zamani yawancin gininsu na katako ne, saboda haka fatake suka riƙa adana hajarsu a ɗaki mai rufin dutse, wanda wuta ba ta ci da sauƙi. Inda haja take kuwa, can mai saye yake zuwa. Ta haka ma'aji ya zama kanti a Poland. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Hausa: ita kanta "kanti" daga Ingilishi aka aro ta, kuma tushenta kalmar Italiyanci ce mai nufin ɗakin ƙarƙashin ƙasa.

Rashanci aron kalmar ya yi. Max Vasmer, a ƙamusunsa na asalin kalmomin Rashanci da aka buga daga 1950 zuwa 1958, ya nuna ta shigo ne daga harshen Poland ta hanyar harshen Yukiren, ƙasar da yawancinta ya koma ƙarƙashin sarautar Poland a 1569. Cikin ma'anoninta, ta kabari ce ta zauna a Rasha. Mutanen Cek har yau ɗakin ajiya na ƙarƙashin gida suke nufi da ita. A Sulobeniya kuwa, inda ta fi kusa da asalinta, tana nufin gaɓar jiki, da kuma shawarar da taro ya yanke.