Yadda Intanet Ta Sauka a Bayanloco

Jirgin ƙasa ne ya raya Kafanchan. Tun da layin dogo ya iso a shekarun 1920, garin ya zama mahaɗar layin da ya taso daga Fatakwal da wanda ya nufi Kaduna da kuma na Jos. Da harkar jirgi ta durƙushe, kasuwar garin ta bi ta. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 wayar NITEL ta zama ado a kan tebur, wutar NEPA kuwa sai ranar da ta ga dama. A lokacin, duk faɗin Nijeriya mai mutum fiye da miliyan 100, layukan wayar da ke aiki ba su kai rabin miliyan ba, mafi yawansu kuma a Legas da manyan birane suke.

Cikin wannan hali aka kafa Gidauniyar Fantsuam a 1996, wadda John Dada da Kazanka Comfort suka zama ƙashin bayanta. Ba da kwamfuta suka fara ba. Ƙananan basussuka suka fara bai wa matan karkara su ja jari, daga baya suka buɗe cibiyar koyo a unguwar Bayanloco ta Kafanchan, inda matasa da mata ke koyon kwamfuta da aika saƙon imel. A 2001 cibiyar ta ci lambar Hafkin, wadda ƙungiyar sadarwa ta ƙasa da ƙasa mai suna APC ta fara bayarwa a Afirka a wannan shekara.

Lamba daban, gudanar da cibiya daban. Kwamfutocin yawanci kwance ne daga Turai, an ƙera su domin ofis mai sanyi. Zafin bazara da ƙurar hunturu suka riƙa kashe su ɗaya bayan ɗaya, wutar da ke zuwa da ƙarfi babu sallama ta ƙone abin da ya rage. Ita kanta intanet ɗin daga tauraron ɗan Adam ake janyo ta da faifan VSAT, kuɗin kowane wata kuma ya fi ƙarfin abin da ɗalibai ke biya. Wannan ciwo ne ya kwantar da cibiyoyi da dama irin wadda UNESCO da ITU da hukumar IDRC ta Kanada suka buɗe a Timbuktu a 1998: muddin tallafi na zuwa ƙofa a buɗe take, ranar da ya yanke sai lissafi ya rikice.

Dabarar da Fantsuam ta yi ita ce raba nauyin. Da tallafin IDRC da taimakon ƙwararrun kamfanin IT+46 na Suwidin, aka kafa doguwar hasumiya mai mita 45, aka haɗa farantan sola da batura, aka riƙa cilla intanet ɗin ta iska zuwa makarantu da asibitoci da ƙungiyoyin da ke kewaye, kowa yana biyan kasonsa. Sunan wannan tsari ZittNet, kuma ana lissafa shi cikin na farko a karkarar Nijeriya. A 2008 guguwa ta kayar da hasumiyar. Aka sake tayar da aikin, domin kafin nan an riga an yaye matasan gari da suka iya ɗaura eriya da gyaran na'ura, ba sai an jira wani daga Abuja ba. A ganina nan ne asirin yake, ba a tsadar kayan ba.

Gwamnati ma ta shigo. Dokar sadarwa ta 2003 ta haifar da asusun USPF, wanda ya gina cibiyoyi a makarantu da ƙauyuka. Wasu sun yi amfani. Wasu kuwa tun ranar da aka yanka kirtani aka watse, ba a ware kuɗin man janareto ba, ba a koya wa kowa gyara ba, sai kwaɗo a ƙofa.

Abin da ya cika cibiyoyi da jama'a a ƙarshe larura ce. MTN da Econet sun fara aiki a watan Agustan 2001, wayar hannu ta raba mutane da zuwa shagon intanet domin gaisuwa kawai. Amma rajistar jarrabawa da duba sakamako da neman aiki duk suka koma intanet, a 2015 kuma JAMB ta daina jarrabawar takarda gaba ɗaya. Yaron ƙauyen da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba ya tsinci kansa a zaure ɗaya da ɗan birni, agogo yana gudu. Waya ba ta koya masa buga rubutu a allon kwamfuta. Shi ya sa har yau ƙungiyoyi irin su CITAD ta Kano ke horar da matasa kafa irin wannan intanet ta al'umma a garuruwa kamar Jama'are da Itas a jihar Bauchi, wuraren da kamfanonin waya ke ganin ribar ba ta kai a kafa musu turke ba.