Kayan Jere a Adar da Gobir Tudu: Daga Ƙwarya zuwa Tangaran

Kayan jere su ne ƙorai, tasoshi, kwanuka, farantai da tangaran da matar aure ke shiryawa a ɗakinta don ƙawa da ajiyar dukiya. Wani sashe ne na kayan ɗaki, wato abin da iyayen amarya da danginta ke haɗa mata ta tafi da shi gidan miji. Al'adar ta game ƙasar Hausa, kuma ta kafu sosai a gundumomin Madawa, Buza da Keita na jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, wato yankin Adar da Gobir Tudu, inda Gobirawa, Adarawa, Abzinawa da Fulani ke cin kasuwa ɗaya. Babu wani tarin kayan tarihi da talakan wannan yanki ya mallaka wanda ya kai jere girma, kuma mata ne suka tara shi da guminsu. Wanda ya san kaya, idan ya dubi jeren tsohuwa, zai iya faɗin hanyar da fatauci ya bi a zamaninta da kuma ƙasar da mazan gidan suka je bida.

Zamanin ƙwarya

Kafin zuwan Turawa jeren amarya daga gona da daji yake fitowa. Ana fafe duma a samu ƙwarya, ƙoƙo, masaki da ludayi. Masu gyartai su ɗinke wadda ta tsage, masu zane su ƙawata bayanta da wuƙa ko da ƙarfe mai zafi. Ana ɗora ƙorai ɗaya cikin ɗaya, babba a ƙasa ƙarama a sama, a rufe da faifai, a rataye wasu a ragaya don gudun gara da ɓera. Akushi na itace na maigida ne da baƙinsa. 'Ya'yan sarauta da na attajirai su ne ke samun tasoshin tagulla da ake ƙerawa a Kano da Bida. Madawa kuwa ta yi suna da saƙar kaba, har yau tabarmar Madawa sananniya ce a kasuwannin Nijar da na arewacin Najeriya, don haka ɗakin amaryar yankin bai rasa tabarmi masu launi a ƙasa da jikin bango.

Tun a wancan lokaci ƙa'idar jere ta tabbata, kuma ba ta sauya ba: kayan na matar ne. Miji ba ya da ikon sayar da su. Idan aure ya mutu ta kwashe abinta, idan ta aurar da 'yarta ta ɗebi wasu ta ba ta.

Iyaka, jirgin ƙasa da kwano

Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka sa wa hannu ranar 14 ga Yuni 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato, ta ce abin da ke cikinta na Ingila ne. Birnin Ƙonni da Madawa sun faɗo ciki, wato a kan takarda sun shiga rabon Sarauniya Victoria. Wannan ya tilasta wa Faransawa bin hanyar arewa mai ƙarancin rijiyoyi idan za su je Damagaram, suka yi ta kuka har aka gyara iyakar a yarjejeniyoyin 1904 da 1906. Daga nan Madawa ta zauna a hannun Faransa tare da Buza da Keita. Sai dai hukuma ta kalli Yamai, kasuwa kuwa ta ci gaba da kallon kudu.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya iso Ƙauran Namoda a 1929. Ta waɗannan tashoshi gyaɗa da fatu suka riƙa fita, kayan kanti suka riƙa shigowa. Kamfanonin UAC da John Holt a ɓangaren Ingilishi, CFAO da SCOA a ɓangaren Faransa, sun kawo wani abu da ya dace da ɗakin Bahaushiya fiye da duk abin da suka taɓa kawowa: kwanon ƙarfe da aka shafe da garin gilas aka gasa a wuta mai tsanani har ya narke ya bi jikinsa. Yana ƙyalli, yana da furanni ja da shuɗi da kore, gara ba ta cinsa, kuma yana jure tafiyar jaki da raƙumi wadda tangaran ba ya jurewa. Mata suka ba kowane iri sunansa: langa, samira, fanteka, kwalla, daro.

Da fari daga Turai ake kawo su, musamman Cakoslobakiya, daga baya kuma Hong Kong ta cika kasuwa. Wani mai bincike, Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan a farkon shekarun 1960, ya rubuta cewa matan kulle na can suna zuba ribar sana'arsu cikin kwanukan Cakoslobakiya, wasu har su tara ɗaruruwa, a jere har kusa da rufin ɗaki. A 1960 aka kafa kamfanin Nigerian Enamelware a Ikeja, kuma masu masana'antu 'yan asalin Sin da suka zo daga Hong Kong suka buɗe wasu a Kano. Kwano ya yi araha, ya sauko daga gidan sarki zuwa gidan manomi. Barbara Cooper, a littafinta na 1997 kan aure a Maraɗi, ta bi sawun wannan sauyi daga ƙwarya zuwa kwano da gadon ƙarfe, ta nuna yadda darajar amarya ta koma ana auna ta da kayan da sai da kuɗi ake samu.

A Adar kuɗin nan mafi yawa daga bida suke zuwa. Ƙasar duwatsu ce, noman damina bai cika riƙe gida shekara ba, shi ya sa da an gama girbi maza ke kama hanyar Najeriya, Gana, Kwaddibuwa da Kamaru, daga baya Libiya da Aljeriya. Tamaske a gundumar Keita ta shahara da 'yan kasuwa da suka kafu a biranen Najeriya. Auduga a kwarin Majiya da albasa a kwarin Tarka su ma sun sa kuɗi a hannun mutane. Ɗan bida ba ya dawowa hannu sake, kuma tsarabar da uwa ko mata ta fi murna da ita ita ce wadda za ta hau jere. Abin da bai zo a tsaraba ba ana samunsa a kasuwanni irin na Tunfafi, ko a hannun dillaliya mai bin gidaje.

Kayan sarautar Ingila

A Ingila akwai wata al'ada da ta yi kama da jere, ko da yake manufarta dabam ce. Tun dawowar Sarki Charles na Biyu kan mulki a 1660 magina tukwane na can suka fara yin farantai da kofuna masu hoton sarki. Da hannu ake zana su, don haka ba su da yawa. A shekarun 1750 aka gano dabarar ɗaukar zane daga allon tagulla zuwa takarda, daga takarda zuwa jikin tangaran, sai ya zama ana iya buga hoto ɗaya sau dubbai. Garuruwan Stoke-on-Trent, inda Wedgwood, Spode, Minton da Doulton suke, suka zama cibiyar wannan sana'a. Bukukuwan cikar Victoria shekara 50 da 60 a kan mulki, a 1887 da 1897, su ne suka mai da abin kasuwa ta gaske: butocin shayi, kofuna, farantai, gwangwanayen biskit. A 1902 Sarki Edward na Bakwai ya yi wa talakawan Landan kimanin rabin miliyan walima, aka raba musu kofunan Doulton na tunawa. Haka aka ci gaba a naɗin Elizabeth ta Biyu ranar 2 ga Yuni 1953, da bikin cikarta shekara 25 a kan mulki a 1977, da auren Charles da Diana a 1981, har zuwa naɗin Charles na Uku ranar 6 ga Mayu 2023.

Masu tara waɗannan kaya suna juya kofi su duba hatimin masana'anta a gindinsa, su nemi tsaga ko gyara, su tambayi yawan da aka buga. Kofunan naɗin Victoria na 1838 suna da wuyar samu, suna da tsada. Na Edward na Takwas kuwa, wanda ya yi murabus a Disamba 1936 kafin a naɗa shi, mutane da yawa na zaton sun yi ƙaranci, alhali masana'antu sun riga sun buga su jingim don bikin 12 ga Mayu 1937, ranar da a ƙarshe aka naɗa ƙanensa George na Shida.

Ƙasar Hausa ta san gidan sarautar nan ido da ido. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya je Ingila a 1921 ya gana da Sarki George na Biyar. Yarima Edward, wanda daga baya ya yi murabus ɗin, ya halarci hawan daba a Kano a 1925. Elizabeth ta Biyu ta zagaya Najeriya daga ƙarshen Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu 1956, aka yi mata hawan daba a Kaduna lokacin Sardauna Ahmadu Bello yana Firimiya, ta je Kano zamanin Sarki Muhammadu Sanusi. An buga atamfa mai hotonta don wannan ziyara, kuma irin wannan atamfa ta tunawa ita ce ta yi saiwa a Afirka ta Yamma fiye da kofin tunawa. Har yau a Nijar ba a rasa zanen ranar mata ta 13 ga Mayu, ko na wani babban taro.

Amma abin sarautar Ingila da ya fi shiga hannun mutanen Madawa da Buza shi ne kuɗi. Sulallan Afirka ta Yamma da aka fara bugawa a 1913 na azurfa ne har zuwa 1920, ɗauke da kan George na Biyar, kuma sun yi yawo a kudancin Nijar duk da cewa kuɗin hukuma na Faransa ne. Maƙeran farfaru sun narka wasu sun yi mundaye da zobba, kamar yadda suke yi da tsohuwar azurfar Maria Theresa mai kwanan 1780. Kwabo da anini masu huji ba su da hoto, sunan sarki kawai ke jikinsu, kuma na 1936 suna ɗauke da sunan Edward na Takwas, sarkin da ba a taɓa sakin kuɗinsa ga jama'a a Ingila kanta ba. Tangaran mai hoton sarki ko sarauniya, idan ya shigo ta hannun malamin kanti, tsohon soja ko ɗan bida, ba a keɓe masa wuri. Yana shiga sahu da sauran, ana auna shi da ƙyallinsa da girmansa. Mai jere furanni ta fi so, kuma a gidajen malamai ana ƙyamar hoton mai rai a ɗakin da ake salla.

Butar shayi

Shayin wannan yanki ta Sahara ya zo, ko da yake akwai hannun Ingila a farkon labarin. A tsakiyar ƙarni na 19 'yan kasuwarta suka yawaita kai koren ganyen Sin da butocin ƙarfe tashoshin ruwan Maroko, daga can ayari ya kai shi ga Larabawan hamada da Abzinawa. Daga cikin Abzinawan, Kel Geres na Azarori da Galma da Lisawan na Keita suna cikin masu shan sa a yankin, Hausawa maƙwabtansu suka ɗauka. Butarsa ƙarama ce ta ƙarfe, galibi shuɗiya, wadda ke zama kai tsaye kan garwashi a tafasa ganye ɗaya sau uku. Butar tangaran ta Ingila ba ta iya wannan aiki, domin ruwan zafi ake zuba mata, ba a ɗora ta a wuta. Saboda haka inda duk aka gan ta a ɗakin mace ado take yi, butar aiki kuwa tana zaure ko fada a hannun maza.

Asusun mace

Kuskure ne a ɗauki jere a matsayin almubazzaranci kawai, ko da yake an sha faɗin haka. Gwamnatin Seyni Kountché ta yi ƙoƙarin rage kashe kuɗi a aure, masu wa'azin Izala ma sun yi ta suka. Akwai gaskiya a kukansu, don uwa kan ci bashi saboda kada a raina 'yarta ranar da 'yan jere suka je shirya ɗaki, kuma yarinya kan shafe shekarun makaranta tana talla don tara kuɗin kwano. Amma macen karkara da ba ta da asusun banki, ba ta da gona da sunanta, jere shi ne rumbunta. Daga adashi da gudummawar biki da ribar ƙuli-ƙuli take gina shi, ɗaya bayan ɗaya. A farin 1973 zuwa 1974, da na 1984 zuwa 1985, da yunwar 2005 da ta yi tsanani a jihar Tawa, kayan ɗaki na cikin abin da gidaje suka fitar kasuwa bayan awaki sun ƙare. A shekarun aikin raya karkara na Keita, wanda aka fara a 1984 da tallafin Italiya da hukumar FAO, mata ne mafi yawan masu ɗaukar duwatsu ana biyan su da abinci, domin maza suna bida. Waɗannan matan ne masu jeren, kuma sun san ranar da ake taɓa shi.

Bayan karyewar darajar kuɗin sefa a Janairu 1994 kayan Turai suka yi tsada, kayan roba na Najeriya da na ƙasar Sin suka mamaye kasuwa. Amaryar yau kula take so, da tukwanen silba, da saitin tangaran na Sin ko na Dubai a cikin kabad mai gilas. Tsofaffin langa da samira sun sauko daga bango. Wasu sun koma kwanon awo ko na ban ruwan kaji, wasu masu sayen tsohon ƙarfe sun auna su a sikeli sun tafi da su. A Ingila kofin 1887 yana da littattafan da suka rubuta wanda ya yi shi da shekarar da aka yi shi. Kwanon da ya taso daga Cakoslobakiya ya sauka a Ƙauran Namoda, ya hau jaki zuwa Bangi, ya ga aure uku a gida ɗaya a Buza, shi ma ya cancanci irin wannan kulawa, kuma tsofaffin da suka san sunan kowane zane da shekarar da ya shigo suna raguwa. Gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959, da Gidan Makama na Kano su ne wuraren da suka fi dacewa su karɓi cikakken jere na shekarun 1950 zuwa 1970, tare da bayanin mai shi daga bakinta.