Makarantun da Iyaye Suka Kafa: Tarihin Karatun Yara Masu Galahanga

A tsarin zaman Hausawa na da, kusan kowace nakasa tana da mazauninta. Makafi suna da sarkinsu, kutare suna da nasu, guragu ma haka, a manyan birane har unguwanni gare su. Da boko ya zo sai ya bi wannan sawun. An buɗe makarantar makafi a Gindiri a 1953, daga baya Kano ta samu ta Tudun Maliki don kurame da makafi. Wanda ya rage a waje shi ne yaron da idonsa garau, kunnensa garau, ƙafarsa lafiya lau, amma ya kai shekara huɗu bai yi baki ba. A kira sunansa ba ya waiwayowa, ba ya haɗa ido da mutane, yana iya wuni yana jera murafan kwalba, ƙarar injin niƙa kuma ta sa ya toshe kunne yana ihu. A Bilbis ko Tsafe ko Kwatarkwashi a jihar Zamfara, abin da za a fara cewa shi ne iska ta taɓa shi, ko nauyin baki ne zai wuce, ko kuma uwar ce ta sangarta shi.

Likitoci suna kiran wannan larura otizim, gidajen rediyon Hausa kuma sukan ce galahanga. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a baya shi ne kusan yaro 1 cikin 100. Tarihin yadda waɗannan yara suka samu aji da malami kusan iri ɗaya ne a ko'ina: iyaye ne suka fara, hukuma ta biyo baya.

Lokacin da aka ɗora wa uwaye laifi

A 1943 wani likitan ƙwaƙwalwar yara a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka, Leo Kanner, ya wallafa bayanin yara 11, maza takwas mata uku, waɗanda halinsu bai yi kama da wata cuta da aka sani ba. Shekara ɗaya bayan haka Hans Asperger ya rubuta makamancin wannan a Biyana, kan yaran da suke magana amma cuɗanya da mutane take yi musu wuya.

Sanin larurar bai kawo wa iyaye sauƙi nan take ba. Tsawon shekara ashirin da wani abu, ra'ayin da ya yi rinjaye shi ne cewa rashin ɗumin uwa ne yake sa yaro ya janye daga duniya. Bruno Bettelheim na Chicago shi ya fi kowa yaɗa wannan magana, shawararsa kuwa ita ce a raba yaron da iyayensa. A Ingila doka ta ba hukuma damar ta ayyana yaro a matsayin wanda ba ya koyuwa, daga nan kuma ba ruwan ma'aikatar ilimi da shi, sai dai gida ko asibitin masu taɓin hankali.

Wanda ya fara rushe wannan zargi da hujja shi ma uba ne. Bernard Rimland, masanin halayyar ɗan Adam wanda ɗansa yake da larurar, ya fitar da littafi a 1964 yana nuna cewa tushenta a halittar ƙwaƙwalwa yake. A 1977 Susan Folstein da Michael Rutter suka binciki tagwaye 21, suka gano cewa gado yana da babban hannu a ciki. Amma kafin ilimi ya wanke uwaye, su sun riga sun fara aiki.

Ɗakin ƙasa a Landan

A 1961 wata uwa, Helen Allison, ta yi magana kan ɗanta a shirin mata na rediyon BBC. Wasu iyayen suka ji, suka nemi juna, a 1962 suka kafa ƙungiyar da a yau ake kira National Autistic Society. Cikinsu akwai Lorna Wing, likitar ƙwaƙwalwa mai 'ya da larurar, wadda daga baya ta nuna cewa abin hawa-hawa ne, daga yaron da ba ya magana sam zuwa wanda zai iya gama jami'a.

Babbar buƙatarsu makaranta ce, kuma suka yi dace da malama. Sybil Elgar ta koyi koyarwa a tsarin Montessori, ta taɓa ziyartar wani asibitin yara a Landan ta ga yadda aka bar su kara zube, abin ya tsaya mata a rai. Sai ta fara koyar da 'yan kaɗan a ɗakin ƙasa na gidanta. A 1965 ƙungiyar iyayen ta samu wani tsohon masaukin ma'aikatan jirgin ƙasa a unguwar Ealing, aka mai da shi makaranta, Elgar ta zama shugabarta.

Masana na lokacin suna cewa a sakar wa yaron mara ya yi abin da ya ga dama har ya warke. Elgar ta ɗauki akasin haka. Kowace rana tana da tsari sananne, umarni gajere ne kuma a fili, abin da za a faɗa da baki a nuna shi da hoto ko da hannu, a raba kowane aiki ƙanana-ƙanana, tun daga ɗaura igiyar takalmi har zuwa karatu. Rutter da Lawrence Bartak sun kwatanta wurare uku da ke kula da irin waɗannan yara, sakamakon da suka fitar a 1973 ya nuna cewa yaran da ake koyarwa da tsari sun fi ci gaba a karatu. Kafin nan, a 1970, majalisar Ingila ta soke rukunin yaran da ba sa koyuwa. Amurka ta yi tata dokar a 1975, wadda ta wajabta wa makarantun gwamnati karɓar yara masu nakasa.

Da ɗaliban farko suka girma, sabuwar tambaya ta taso: ina za su bayan makaranta? A 1974 Elgar da iyayen suka buɗe Somerset Court, mazaunin manya masu larurar. Duk wanda ya kafa irin wannan makaranta tun daga lokacin, wannan tambayar tana jiransa a gaba.

Akara da Adis Ababa

An daɗe ana ɗaukan otizim a matsayin ciwon Turawa. A 1978 Victor Lotter ya wallafa binciken da ya yi a ƙasashen Afirka shida, har da Najeriya da Gana. Cikin yara 1,312 masu raunin ƙwaƙwalwa da ya duba, ya samu 9 da suka cika sharuɗɗan larurar. Adadin kaɗan ne, amma ya isa ya nuna cewa ana haifar irin yaran a nan ma. Sai dai a Gana an yi shekara ashirin kafin makaranta ta biyo bayan binciken.

A 1998 Serwah Quaynor, wadda ta dawo Gana daga Amurka da ɗanta, ta rasa inda za ta kai shi, sai ta buɗe cibiyar wayar da kai da horarwa a Akara. A Habasha kuwa, Zemi Yenus ta dawo daga Los Angeles ta kafa makarantar koyon gyaran gashi da kwalliya, sana'arta tana tafiya, amma makarantu suna ta koro mata ɗa. Da ta fara bincike sai ta tarar da yara irinsa a kulle a ɗakuna, wasu a ɗaure, ba don mugunta ba, don uwar dole ta fita neman abinci kuma ba mai riƙe mata. A 2002 ta buɗe Joy Center a Adis Ababa da yara huɗu. Ta yi amfani da kuɗin sana'arta, ta ƙirƙiro hanyar koyar da furuci da haruffan Habasha maimakon na Turanci, ta kuma shiga rediyo da talabijin tana magana a fili kan abin da iyalai suke ɓoyewa. Ta rasu a watan Mayun 2021 sakamakon cutar korona, makarantar kuma ta ci gaba bayanta.

Najeriya

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi sashe kan ilimin masu buƙata ta musamman, a shekarar ce kuma aka kafa kwalejin horar da malamansu a Oyo. Jami'ar Jos da ta Bayero a Kano su ma suna da sassan wannan fanni. Amma hankalin tsarin ya fi karkata ga makafi da kurame da guragu, waɗanda ake ganin larurarsu da ido.

Nan ma uwa ce ta cike gurbin. Dotun Akande ma'aikaciyar banki ce a Legas lokacin da aka tabbatar mata ɗanta yana da otizim. Ta sha wahalar neman masu koyar da magana, ta ga ɗan ya samu ci gaba da aka fara da wuri, sai ta bar aikin banki, a 2006 ta buɗe Patrick Speech and Languages Centre a Ikeja. Ba a jima ba ta ci karo da matsalar da ke damun kowace makaranta irin wannan: aji ɗaya ba ya ɗaukan yara da yawa, wani yaron ma sai an ware masa malami shi kaɗai, don haka kuɗin makaranta ya fi ƙarfin talaka. Mafitarta ita ce kafa gidauniyar Puresouls don ɗaukar nauyin marasa hali, tare da horar da sababbin malamai. A Abuja cibiyar Zamarr ta Ronke Katagum ta kama irin wannan aiki, a Fatakwal kuma aka samu Blazing Heart.

Daga nan abubuwa suka fara motsi. A Disamban 2007 Majalisar Ɗinkin Duniya, bisa shawarar ƙasar Katar, ta ware 2 ga Afrilu a matsayin ranar wayar da kai kan otizim, aka fara a 2008. Tun 2011 bankin GTBank yake shirya taron shekara-shekara inda ƙwararru suke duba yara kyauta. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa wariya, wadda ta ba su haƙƙin karatu kyauta har sakandare, ta kuma tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya saɓa, da naira miliyan ɗaya ga kamfani ko ma'aikata. A 2020 aka kafa hukumar kula da masu nakasa ta ƙasa. Shekara 13 ke nan tsakanin buɗe makarantar Ikeja da zuwan dokar.

Abin da ke gaban Zamfara

Makarantun da suka yi suna a wannan fanni suna Legas da Abuja da Fatakwal, kuma da Turanci suke aiki. Uwar da ke Bilbis, in ta gaji da rubutu da turare ta nufi asibiti, Gusau za ta fara zuwa, Asibitin Tarayya ko na Yariman Bakura, wataƙila daga nan a tura ta asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a Sakkwato ko na Barnawa a Kaduna. Ko ta samo sunan larurar, maganin da zai kawar da ita babu shi. Abin da yake taimakon yaron koyarwa ce ta yau da gobe, ita kuwa ba a yin ta daga nesa.

Jihar tana da nata nauyin da Landan da Ikeja ba su sani ba. Gubar dalma da ta ɓulla a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010 ta kashe yara kusan 400, ta bar wasu da lahani a ƙwaƙwalwa. Wannan daban ne da otizim, amma duk makarantar da aka buɗe a jihar za a kawo mata su duka, har da kurame da masu farfaɗiya, don haka tana buƙatar wanda ya iya bambancewa. Ga kuma tsaro: sace 'yan mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021, da sace ɗaliban Maradun a Satumba, wanda ya sa aka rufe makarantun jihar. Makarantar kwana a bayan gari ba abin da iyaye za su yarda da shi ba ne yanzu. Ta jeka-ka-dawo a cikin gari, kusa da gida, ita ce mai yiwuwa, kuma ita ta fi dacewa da yaron da canjin wuri yake rikita shi.

Akwai kuma abin da jihar take da shi. Al'umma ta saba kafa makaranta da kanta, domin yawancin Islamiyyoyi a zauren wani ko filin da wani ya bayar suka fara. Akwai Hukumar Zakka da Waƙafi tun zamanin Gwamna Ahmad Sani Yarima, kuma waƙafin gida ko shago da kuɗin hayarsa zai riƙa biyan albashin malamai ya fi gudummawar ranar buki ɗorewa. Akwai kwalejin ilimi ta mata a Gusau da ta Maru, inda za a iya samun matasan malamai a ƙara musu horo. Rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC da izinin ma'aikatar ilimi ta jiha aikin takarda ne, ana gama shi.

Abin da tarihin ya nuna shi ne jerin yadda aikin yake tafiya. Ba a taɓa farawa da gini ba. Iyaye ne suke fara sanin juna, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai su samu malami guda mai haƙuri su horar da shi, su fara da yara uku ko huɗu, su riƙa rubuta ci gaban kowane yaro: yau ya nuna kofi da yana jin ƙishirwa, wata uku baya ya iya shiga bayi da kansa. Wannan rubutun shi ne abin da zai gamsar da mai unguwa da limami da mai ba da waƙafi. Wanda zai fara a Tsafe ko Bungudu ya fi waɗancan matan sa'a ta fuska ɗaya, domin doka ta riga shi zuwa. Aikin da ba wanda zai yi masa shi ne mayar da hanyoyin koyarwar zuwa Hausa, da hotunan tuwo da buta da tabarma, yadda uwar da ba ta yi boko ba za ta ci gaba da darasin a tsakar gida bayan an tashi.