Kwan Fitilar Maigida da Kwamfutar da Ta Ƙi Tashi

Abin da ya fi ci mini rai a sana'armu yanzu shi ne saurin yanke wa kwamfuta hukuncin kisa. Mutum ya ɗauko ta a adaidaita sahu ya kawo titin Beirut, ya ce jiya lafiya lau ya kashe ta, yau ta ƙi tashi, ko fanka ba ta motsi. Yaron shago ya danna maɓalli sau biyu, ya leƙa ciki, ya ce, "Alhaji, bod ne ya ƙone." Bai taɓa mita ba. Wasunsu ma mitar tasu ba batir a cikinta. Tun da ido ya hana ni riƙe dalma, zama nake a benci ina jin irin wannan, kuma haƙurina ya kusa ƙarewa.

Maigida, wanda ya koya mini aiki, Allah Ya jiƙansa, ba daga makarantar kwamfuta ya fito ba. Mai gyaran rediyo da talabijin ne a Sabon Gari, kamar yawancin waɗanda suka fara buɗe cikin kwamfuta a Kano lokacin da 386 da 486 suka soma shiga ofisoshi. Har ya koma ga Allah bai iya buga rubutu da yatsu biyu ba. In ya gama gyara sai ya kira ni in shigar da DOS. Amma ya san hanyar wuta tamkar hanyar gidansu, kuma ba ya yarda a tsallake ko taku ɗaya. Daga bango ake farawa. Akwai wuta a soket ɗin? Nawa ce? Sai fis ɗin da ke cikin filogi mai ƙafa uku, sai wayar kanta. Kafin a ɗauki sukundireba sai ka kai hancinka bayan fawa-fak ka shinshina. Sau da yawa nan maganar take ƙarewa, mai kaya ya biya kuɗin fis ya tafi, Maigida kuma bai taɓa ƙara masa ko sisi don ya ga bai san komai ba.

Abin da na fi so in rubuta kafin a manta shi ne kwan fitilarsa. Kwai ne irin na da, mai zare a ciki, wat 100, an ɗaure shi a kan guntun katako da wayoyi biyu. In an kawo fawa-fak da fis ɗinsa ya tsinke, yaro mai gaggawa sabon fis zai sa ya jona, ya sake jin tas. Wanda ya fi shi wauta kuma ya naɗe wajen da zaren waya. Maigida cire fis ɗin yake, ya jona kwan a madadinsa, sannan ya ba da wuta. In kwan ya haska farat ɗaya ya dushe, to manyan kondensa biyu ne suka sha wuta suka ƙoshi, ɓangaren shigowa lafiyarsa ƙalau. In kuwa ya kama tar ya ƙi dushewa, akwai gajeriyar hanya a ciki: ko dayod ɗin da ke daidaita wuta ya haɗe, ko taransistocin nan biyu, 13007, sun mutu. Kwan ne ke shanye wutar, saboda haka ba abin da zai sake fashewa a fuskarka, kuma sabbin kayan da ka sa ba za su bi na farko ba. Haka za ka yi ta canzawa kana gwadawa har kwan ya ba ka izini.

Da shi kuma yake sauke wutar da ta rage. Kondensocin nan suna iya riƙe sama da bolt 300 a tsakaninsu bayan an zare filogi, kuma ba sa tambayar shekarunka. Doka ce a shagon: ba mai sa yatsa a cikin fawa-fak sai ya taɓa ƙafafunsu da wayoyin kwan ya ga ya ɗan ƙyafta ya mutu. Wanda ya karya wannan doka, ranar sharar shago da sayo abinci ne aikinsa.

Kwan ya fi cin kasuwa lokacin da kwantenonin kwamfutoci na hannu suka fara sauka a Legas, ana ɗauko su daga Alaba da kasuwar kwamfuta ta Ikeja. A farkon shekarun 2000 ke nan, kowane lungu ana buɗe kafe da bizines santa. Waɗanda suka fito daga Amurka suna da wani ɗan jan makunni a baya, an ajiye shi a kan 115, mu kuwa tamu wutar 230 ce. A kan 115 fawa-fak ninka wutar da ta shigo yake yi, to ka lissafa abin da zai faru in ka ba shi tamu. Wani bawan Allah ya sayo jeri guda don kafensa, ya jera su a kan tebur, ya gayyaci abokai, aka tayar da janareto. Washegari da kwali aka kawo mana fawa-fak ɗinsu. Yawancinsu sun koma aiki, domin fis da kondensa ne suka ɗauki dukan, bod bai ji komai ba. Ba don Maigida ba, da an ce masa duka sun tafi.

Na yi gaba da yawa. Kafin wannan zamani akwai fawa-fak na AT, wanda wutar bango take zuwa har maɓallin gaba, da filogi biyu masu kama da juna, P8 da P9. Abin da aka fara haddace mana ke nan: baƙaƙen wayoyi su haɗu a tsakiya. Ka juya su, ka ƙone bod da hannunka. Intel ta fito da tsarin ATX a 1995, ya ɗauki 'yan shekaru kafin ya cika kasuwarmu, kuma ya canza tambayar gaba ɗaya. Maɓallin gaba ya daina yanke wuta, roƙo kawai yake aikawa. Wasu tsofaffin masu gyara nan suka sare. Maigida kuwa ya zauna da mita ya bi wayoyi ashirin na filogin ATX ɗaya bayan ɗaya har ya gane su. Shunayya tana ɗauke da bolt 5 ko kwamfuta a kashe take; in babu ita, kar ka wahalar da kanka da bod. Koriya in ka haɗa ta da baƙa da ɗan guntun waya, fanka ta juya. Rawaya 12, ja 5, ruwan lemo 3.3, kuma kada su kauce da fiye da kashi 5 cikin ɗari. Mai ruwan toka ita ce ke gaya wa bod wuta ta daidaita, ya tashi. Yaran yanzu sun san dabarar koriya da baƙa, a wayar salula suka gani. Amma da fanka ta juya sai su ce fawa-fak lafiya, alhali juyawar fanka ba ta nufin zai ɗauki nauyi. Sai ka rataya masa tsohon hadis ka sake aunawa.

Ko an tabbatar fawa-fak na da rai, ba a taɓa sunan bod sai an zare masa komai, an taɓa ƙusoshin maɓalli biyu da bakin sukundireba, an auna ɗan batirin CR2032 an ga bolt 3 ɗinsa, an goge ƙafafun ram da magogin fensir. Ƙurar hunturu kaɗai ta ciyar da mu shekaru. Ko bod ɗin ne ma, ba jefarwa ake ba. Zamanin Pentium 4 an yi annobar kondensa marasa kyau a duniya baki ɗaya, kawunansu su kumbura, wasu su yi ta zubar da wani abu ruwan ƙasa. Zafin Kano ya ƙara musu sauri. Mun canza su ba adadi, kwamfutocin suka ci gaba da aiki har Windows XP ya tsufa a kansu.

Ba zan zalunci yaran ba. Tun da wayar salula ta GSM ta shigo a 2001, masu kaifin hannu suka fara komawa gyaran waya, yau Farm Centre suke, kuma a can kuɗin yake. Fawa-fak ɗan Chana ya yi arahar da gyaran tsoho bai biyan wahala, ko da yake in ka ɗaga shi ka ji ba nauyi ka san abin da aka rage a ciki. Na zamani masu kyau da kansu suke karɓar 100 zuwa 240, jan makunni ya ɓace. Manyan kamfanoni kuma kowa da irin filoginsa. Shi kansa kwan mai zare sai an sha yawo kafin a same shi, na LED kuwa ba ya wannan aiki. Duk na yarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce canza kaya ya ɗauke wa mutum aunawa. Wanda bai auna ba zai sa sabon bod a kan fawa-fak mai ciwo, bayan mako biyu mai kaya ya dawo, a ce masa wutar unguwarsu ce.

Ku masu shaguna da kuka koyi aiki a zamaninmu, ku saya wa yaranku batirin mita, ku hana su furta kalmar bod kafin su kawo muku lamba. Kai kuma mai kwamfuta, in aka ce maka bod ya ƙone, ka ce a nuna maka abin da mita ta karanta a kan shunayya da rawaya kafin ka sa hannu a aljihu.