Koyon Sifaniyanci a Basalona da Tarihin da Ke Bayan Harshen

Ɗalibin da ya nufi Basalona don koyon Sifaniyanci, tun a tashar jirgin ƙasa zai ga alluna da yawa an rubuta su da wani harshe dabam, wato Katalan. In ya yi kuskuren kiransa karin harshen Sifaniyanci a gaban ɗan gari, to ya fama tsohon miki, kuma ba a littafin nahawu zai gano dalili ba.

Mikin ya daɗe. Ranar 11 ga Satumba 1714 Basalona ta faɗa hannun sojojin Sarki Filib na Biyar, aka rushe hukumomin Kataloniya, yankin da birnin yake ciki, dokar 1716 kuma ta fifita harshen Kastila, wato Sifaniyanci, a shari'a. Abin da ya fi ci wa mutanen yau rai shi ne zamanin Janar Faranko, wanda ya ci yaƙin basasar 1936 zuwa 1939, ya riƙe mulki har ya mutu a 1975. An kori Katalan daga aji da ofis, aka bar shi a cikin gida. A 1940 aka harbe shugaban yankin, Lluís Companys, a ganuwar Montjuïc. Akwai tsofaffi a birnin har yanzu da suka yi karatun firamare ba su taɓa ganin harshen uwarsu a kan allo ba.

Ko sunan harshen da ɗalibin ya je koyo magana ce. Tsarin mulkin 1978 ya kira shi "castellano", ya kuma amince da sauran harsunan ƙasar a yankunansu. Wanda ya zaɓi wannan kalma a kan "español" sau da yawa nuni yake yi da cewa Katalan da Baskanci da Galisiyanci su ma 'yan ƙasa ne. Daga 1983 doka ta share wa Katalan hanyar zama harshen koyarwa, shi ya sa yaran gidan da baƙo ya sauka za su gaishe shi da "bon dia".

A ganina, wanda bai san wannan ba zai iya haddace aikatau duka amma ya kasa gane abin da ake faɗa masa. Zai ga tuta mai tauraro ta masu neman 'yancin kan Kataloniya rataye a baranda, ya ɗauka ado ne. Zai ambaci ƙuri'ar raba gardama kan 'yancin kai ta 1 ga Oktoba 2017 ana cin abinci, ya ga an yi tsit, don a gida ɗaya akan sami wa mai son ɓallewa da ƙane mai ƙinta.

Masu kallon ƙwallo a ƙasar Hausa ma sun sha jin wannan tarihi ba su sani ba. Shekaru da dama, in wasa ya kai minti 17 da daƙiƙa 14 a filin Camp Nou na Basalona, sai 'yan kallo su ɗauki kiran 'yancin kai. Shekarar 1714 suke tunawa.